Baƙuwa Mai Ƙuri'a a Aberdeen

Greensboro, 20 ga Yuli, 2014

Ƙanwata Martha,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da ɗiyata Abigel. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ta ƙi jinin tsayuwar aiki. Likita ya ce in rage ƙiba, matata Prisca kuwa ta samu abin yi, tuwon da take zuba mini yanzu ko yaro ba zai ƙoshi da shi ba.

Albishirinki. Ɗan'uwanmu Dachung ya aiko da hotuna, an gama rufin gidanmu na Kuru. Ɓangarenki na gabas ya ma fi nawa kyau. Saura tagogi da fenti. Alkawarin da muka yi ranar jana'izar Mama yana nan daram: Abigel tana shiga jami'a, ni kuma in ajiye aiki, mu tattara mu koma gida mu tsufa kusa da juna. Duk ranar da gwiwa ta dame ni, wannan nake tunawa in ji sauƙi.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shugaban sashenmu a siton kaya na titin Wendover wani Bature ne, Fredrick, yana zaune a Summerfield da dawakinsa. Makon jiya ya kwashe mu ni da Prisca zuwa wani biki can cikin duwatsu. Martha, na ga abin mamaki. Ƙarti, gemu har ƙirji, kowa sanye da siket mai zane iya gwiwa, wasu na jifa da gungumen icce, wasu na busa wata irin algaita mai salka a hammata. Fredrick ma ya ɗaura nasa. Prisca ta yi ta cusa gyale a baki don kada dariya ta kufce mata. Ashe kakanninsa daga Scotland suka zo shekaru aru-aru da suka wuce, kuma irinsa suna da yawa a jihar nan.

A hanyar dawowa ya ce mini wai a watan Satumba mutanen Scotland za su jefa ƙuri'a, ko su zauna cikin Birtaniya ko su ɓalle. Na ce masa, to sojoji fa? Ya yi dariya har ya kusa sakin sitiyari. Ni ban ga abin dariya ba.

Gaskiya ne? Yaya ƙasa za ta tambayi mutanenta ko suna son a yanke ta? Wa zai ɗauki man fetur ɗin da marigayi mijinki Justin ya yi wa aiki har ƙarshen ransa? Kuma me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba? Ki rubuto mini dalla-dalla, a takarda, don a waya kullum kina sauri. Kafin nan ku sayi abinci ku ajiye.

Yayanki,
Choji

Aberdeen, 3 ga Agusta, 2014

Yaya Choji,

Na samu wasiƙarka, na gode. Sannu da gwiwa. Ka bi maganar Anti Prisca, ta fi ka gaskiya. Ni lafiya, sai gajiyar asibiti. Abigel ta ce a gaishe ka. Da Turanci ta faɗa, ni na mayar da shi Hausa.

Gaskiya Fredrick ya gaya maka. Ranar sha takwas ga Satumba ne, tambaya ɗaya tak a takarda, Eh ko A'a. Babu soja ko ɗaya a titi. Gwamnatin London da ta nan su suka zauna suka sa hannu cewa duk abin da ya fito za a karɓa. Ban sayi buhun shinkafa ba, kada ka ji haushi.

Yanzu ka gyara zama. Ni ma ina da ƙuri'a. Duk ɗan ƙasashe renon Ingila da ke zaune a nan bisa ƙa'ida yana da ita, ko da takardun Najeriya yake riƙe da su. Abigel ma tana da ita, don a wannan karon an sauko da shekarun zuwa sha shida. Amma ɗan Scotland na asali da ke zaune a London ko Amurka ba shi da ita. Ka gaya wa mai siket ɗinka, shi ɗan kallo ne, ni 'yar Kuru ni ce mai zaɓe.

Ɗiyarka ta zama 'yar siyasa. Ta manna Eh a taga, ta manna a jakar makaranta, saura goshina. Ta ce ƙasa ƙarama mai arzikin mai ba ta da dalilin jiran London ta yanke mata abin da za ta ci, kuma jama'ar nan sun gaji da gwamnatin da ba su suka zaɓa ba. A wurin aiki kuwa ba a shan shayi sai da gardama. Wasu sun ce in an rabu za a fi kula da asibitoci. Wasu sun ce da wane kuɗi? Masu son rabuwa sun ce za a ci gaba da kashe fam, London ta ce sam ba za ta haɗa kuɗi da wanda ya fita ba. Maganar mai ma haka, wannan ya ce saura da yawa a teku, wancan ya ce ya kusa ƙarewa. Garin nan da mai yake numfashi, don haka kowa kunnensa a tsaye yake.

Ba ka ce kuna da maƙwabci mai karatun tattalin arziki ba? Don Allah ka tambayar mini shi: in mutum ya sayi gida ta hannun banki da fam, daga baya ƙasa ta canja kuɗi, me zai faru da shi? Ina son amsar da gaske.

Wani labari kuma, na gaya wa mai gidan da muke haya cewa za mu tashi a watan Oktoba. Sauran bayani sai na natsu.

Na ga hotunan rufin. Sannu da ƙoƙari, Yaya.

Ƙanwarka,
Martha

Greensboro, 17 ga Agusta, 2014

Martha,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa da sauƙi, musamman tun da na karanta ƙarshen wasiƙarki. Kin yi hankali da kika sallami mai gida. Na san jinin Baba bai bar jikinki ba, kin hango hadari kin kwashe shanya. Ku sauko nan tukuna. Prisca ta soma gyara ɗakin da ɗanmu Jerry ya bari da ya yi aure. Abigel ta ƙarasa sakandare a nan, jami'a ga ta nan a bayan gidanmu, daga nan ni da ke sai Kuru. Na sanar a majami'a ranar Lahadi, zumuntar mata har da guɗa.

Na kai wa Fredrick saƙonki. Bawan Allah fuskarsa ta yi ja, ya ce a sake faɗa masa. Ya ce shi da ya san sunan ƙauyen kakansa na bakwai ba shi da ƙuri'a, amma nas daga Filato tana da ita? Na ce haka dokarsu ta ce, wanda ke kwana a ƙasar shi ake tambaya. Yini guda yana zagaya sito yana girgiza kai. Na tausaya masa, amma ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi kaɗan.

Maƙwabcin namu Ɗalha ne, Bakano, yana digiri na uku. Na kira shi cin tuwo, na ajiye masa tambayoyi. Yaron nan da ya fara magana sai da miya ta huce. Ya ce ƙasa tana iya kashe kuɗin wata ƙasa ba da izini ba, amma kamar ci ne daga tukunyar da ludayinta ke hannun wani. Ran da bankunanta suka shiga uku, babu mai ceto. In kuma ta buga nata kuɗin, sai duniya ta yarda da shi tukuna. Na ce man fa? Ya ce, "Baba, mu 'yan Najeriya ne za a ba labarin mai? Yau ganga ta haura dala ɗari, kowa na murna. Ka tuna abin da ya same mu duk lokacin da ta faɗo." Amma ya ce kada in ɗauka masu Eh wawaye ne, akwai ƙananan ƙasashe a arewacin Turai da suka fi Birtaniya jin daɗi, kuma ba kuɗi kaɗai mutum ke nema a duniya ba. Ko Tarayyar Turai za ta karɓe su nan take, wannan ya ce ko malamansa ba su sani ba.

Tambayar gida kuwa, ya ce in albashi ya koma sabon kuɗi, sabon kuɗin ya faɗi, nauyin gidan zai ƙaru a wuyan mai shi. Ki gaya wa abokiyar aikin naki da ta aiko ki ta dakata sai bayan zaɓe.

Abin ya shiga raina, kullum ina gaban talabijin, har Prisca ta ce ko ni ne zan zama gwamnan Scotland. Amma sha'awa daban, hankali daban. Ke ba ki da wayo a 1966, ni ina da shi. Na ga maƙwabtanmu a Bukuru sun ɗaure kaya sun nufi tashar jirgin ƙasa, har da abokina da muke zama benci ɗaya a makaranta. Ban sake ganinsa ba. Tun daga ranar, in na ji kalmar rabuwa, tashar nan nake tunawa.

Kin tuna yadda Baba yake yi in zaɓe ya zo. Ya tara gida kaf, ya ce ga inda za mu dangwala, kowa ya ce to. Yanzu ni ne a madadinsa, ga kuma abin da na yanke: kada ke ko Abigel ku je. Mu baƙi ne a ƙasashen nan. In ka sauka gidan mutane suna rabon gado, ba ka sa baki, ko da sun ce ka sa. Wanda zai zauna ya ci sakamakon abu shi ke zaɓa, ke kuwa tafiya za ki yi. Ki gaya mini ranar da za ku sauka.

Yayanki,
Choji

Greensboro, 21 ga Satumba, 2014

Martha,

Ina gaisuwa. Mu lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba. Fiye da wata guda babu amsa. Na buga waya ba sau ɗaya ba, kullum Abigel ke ɗauka, ta ce mini "We're fine, Uncle," Mama tana wurin aiki. Wane irin aiki ne ba a tashi?

Shekaranjiya na ga an nuna wani dandali a Glasgow, matasa da tutoci suna ihu, 'yan sanda a kan dawakai. Na ce wa Prisca shi ke nan, an fara. Ɗalha ya zo ya nuna mini a taswira cewa Glasgow da Aberdeen akwai tazara, kuma kafin gari ya waye an watse. Duk da haka sai na ji daga bakinki.

Sakamakon kuwa ya ba ni mamaki. A'a ta ci da hamsin da biyar cikin ɗari, Eh ta samu arba'in da biyar. Kusan rabin ƙasa ke nan suka sha kaye, kuma washegari kowa ya tafi aiki! Jagoran masu Eh ya fito da bakinsa ya ce ya karɓa, har ya ce zai sauka daga kujera. Ba kotu, ba zargin an sace akwati. Yaya aka yi haka? Me suke ci a ƙasar nan? Fredrick ya zo aiki kamar wanda aka yi wa rasuwa, na ba shi haƙuri.

In hukuncin da na yanke ne ya ɓata miki rai, ki faɗa mini, ni ba dutse ba ne. Prisca ta sayi sababbin labulaye, matan majami'a suna ta tambayata yaushe. Oktoba ta kusa. Me zan ce musu?

Choji

Aberdeen, 29 ga Satumba, 2014

Yayana,

Ina gaishe ka da Anti Prisca. Lafiyarmu ƙalau, ko gilashi ɗaya ba a fasa ba a unguwarmu. Ka yafe mini shirun. Ina gida sau da yawa da ka kira, ni na ce wa Abigel ta ce ba na nan. Na rasa ta inda zan fara ne.

Na je na jefa ƙuri'a, Yaya.

Tun da kana son bayani, ga yadda abin yake. A zauren wata makarantar firamare ne. Wata dattijuwa ta tambayi sunana da adireshi, ta miƙo mini takarda. Ba ta nemi kati ba, ba a shafa mini tawada a yatsa ba. A cikin ɗan akurkin da ake shiga a yi zaɓe akwai fensir ɗaure da zare. Fensir! Na tsaya ina kallonsa ina cewa a raina, da a gida ne da tuni an zo da abin gogewa. A bakin ƙofa ga mai alamar Eh ga mai alamar A'a, suna shan shayi daga fulas ɗaya. Ka tambaya me suke ci. Ban sani ba, amma na lura kowa ya yarda cewa abin da ya jefa shi za a ƙirga, shi ya sa wanda ya faɗi yake iya haɗiyewa.

Da farko na yi niyyar bin maganarka. Ana saura kwana kaɗan, wata tsohuwa da nake jinya ta tambaye ni ina na karkata. Na ce mata ni baƙuwa ce, ba ruwana. Ta kama hannuna ta ce, "Baƙuwa ce take yi mini wanka kowace safiya? 'Ya'yana suna Kanada, ke kike nan." Na fita na shiga ɗakin magani na yi kuka.

Ka ce wanda zai zauna ya ci sakamako shi ke zaɓa. Gaskiyarka. Shi ya sa na zaɓa. Babu wata abokiyar aiki da ta aiko ni, gidan nawa ne. Na sallami mai haya ne don na samu ɗan gida mai ɗaki biyu, tafiyar ƙafa kaɗan daga inda Justin yake kwance. Na bi shawarar Ɗalha na jira, ranar Juma'ar da ta wuce na sa hannu. Ka gode masa.

A'a na zaɓa, kuma tsoro ne ya sa, tsoron fam da fanshon Justin. Ɗiyarka ta zaɓi Eh, ta kwana biyu idonta a kumbure, ta ce mu tsofaffi mun sayar da gobensu saboda tsoro. Wataƙila tana da gaskiya. Na dafa mata gwate, ta ci tana harara ta, yanzu mun shirya. Ban ce mata ga inda za ta sa hannu ba. Da na yi irin na Baba, da na rasa ta.

Ba zan koma Kuru in zauna ba, Yaya. Zan riƙa zuwa Kirsimeti, in Allah ya yarda. Ranar jana'izar Mama kai ka yi magana, ni na ce to, don ranar ba ranar musu ba ce, kuma Justin yana da rai, ban san a nan zan binne shi ba. Kusan shekara ashirin ke nan ina garin nan. Sanyinsa ya shiga ƙashina, ban ce ina son sa ba, amma nan ne 'yata take kira gida. Na daɗe da sanin haka, takardar ƙuri'ar nan ce ta tilasta mini in faɗa wa kaina.

Na san na karya maka zuciya, kuma na bar ka da kunyar mutanen majami'a. Ka gaya musu laifina ne. Ina ƙaunarka, ba ni da wani uba sai kai.

Martha

Greensboro, 12 ga Oktoba, 2014

Ƙanwata,

Gaisuwa. Jiki lafiya. Wasiƙarki ta zo, na karanta ta a mota a bakin sito, na kasa fitowa sai da Fredrick ya ƙwanƙwasa mini gilashi.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ta yi mini ciwo ƙwarai. Na yi fushi, na yi kwanaki ba na son jin sunanki. Duk bulon da aka ɗora a ɓangaren gabas, da fuskarki a raina aka ɗora shi. Amma na sake karantawa, na nemi inda kika yi ƙarya ban samu ba. Allah ya sa albarka a sabon gida. Ki aiko mini hotonsa, in ga ko rufinsa ya kai nawa. Ki ce wa 'yar siyasata kada ta karaya, arba'in da biyar ba kaɗan ba ne. Ina kuma son ta rubuto mini da hannunta abin da suke shirin yi nan gaba, ko da Turanci ne.

Majami'a na gama da su. Na miƙe na ce ƙanwata ta sayi gida a Turai, suka sake yin guɗa. Mutanenmu ba su da wuya.

Ɓangarenki zan ce wa Dachung ya sa masa tagogi ya rufe, kya samu wurin sauka da Kirsimeti.

Saura abu ɗaya. Na ba Prisca wasiƙarki ta karanta. Ta ninke ta, ta ajiye, ta ci gaba da yi wa jaririn Jerry wasa. Ina kallonta da jikan nan a cinya, sai wani abu ya faɗo mini. Kusan wata uku ina mamakin ƙasar da ta tambayi mutanenta ko suna son zama. Muna cin abinci na ce, "Prisca, ke fa? Kina son komawa Kuru?"

Ta ajiye cokali ta dube ni. Ta ce, "Baban Jerry, yau ka tambaye ni?"

Na ce yau na tambaya.

Ta ce to in ba ta lokaci, su ma mutanen Scotland ba rana ɗaya aka ba su ba. Ta kuma ce duk abin da ya fito in yi alkawarin zan karɓa. Na yi alkawari. Har yanzu ba ta ce komai ba, ni kuwa tsoro nake ji, Martha. Ki sa ni cikin addu'a.

Yayanki,
Choji